Kafin ka miƙa wayarka a yi mata rutin, ga abin da zai faru da waranti da afdet

Duk mai yawan shiga kasuwar Banex a Wuse 2 da ke Abuja, ko mai zama wajen masu gyaran waya a Mararraba, Nyanya ko Kubwa, ya san tambayar nan da ba ta ƙarewa: "Oga, kana yin rutin?" Mai tambayar yawanci matashi ne, wani tarkacen manhajojin da kamfani ya cusa a wayar ne suka cinye masa memori, wani talla ce ta ishe shi, da ya buɗe waya sai ta faɗo masa a fuska, wani kuma abokinsa ne ya ce masa wai idan aka yi wa waya rutin har data kyauta ake samu. In an dace da mai gyara mai tsoron Allah zai tsaya ya tambaye shi, wayar nan tana cikin waranti? Da ita kake tiransifa? In kuma wanda na cefane kawai yake nema aka samu, karɓa zai yi ya jona ta a kwamfuta, sauran bayani sai ranar da manhajar banki ta ƙi buɗewa.

Ni ba na cikin masu cewa rutin aikin 'yan damfara ne. Kuɗinka ka sa ka sayi waya, kuma a ganina haƙƙinka ne ka yi iko da ita yadda kake so. Abin da ke damuna shi ne ana yi wa mutane abin ba tare da an faɗa musu me za su rasa ba, alhali abin da ake rasawa a yau ya ninka na shekara goma baya, amfanin kuma ya ragu sosai.

Android a kan Linux aka gina ta, kuma a tsarin Linux akwai wani akawun guda ɗaya da ake ce wa rut, wanda babu fayil ɗin da ya fi ƙarfinsa, zai karanta, zai canja, zai goge. Wayar da ka ɓare a kwali ba a ba ka wannan akawun ba. Matsayinka a cikinta kamar na yaron shago ne, kana ciniki kana jera kaya yadda ka ga dama, amma makullin sito yana aljihun maigida. Manhajoji ma kowacce an killace ta a nata ɓangaren, shi ya sa gem ɗin da ƙaninka ya sauke ba zai iya leƙa fayilolin manhajar bankinka ba. Rutin shi ne ka karɓe wancan ikon, daga nan kuma duk manhajar da ka ba wa izini ita ma ta samu, katangar da ke tsakaninta da sauran ta daina aiki a kanta.

Tun wayar Android ta farko, HTC Dream da ta fito a 2008, mutane ke wannan aikin. Waɗanda suka riƙe waya zamanin Android 4, wajen 2013 zuwa 2015, za su tuna Framaroot da KingRoot, ka sauke ka danna maɓalli ɗaya, ka jira minti biyu, shi kenan an gama. Waɗancan ta ɓarakar tsaro suke bi, kuma Google ta bi ta toshe ɓarakar ɗaya bayan ɗaya. Daga Android 7 a 2016 aka tsaurara binciken da waya ke yi wa kanta lokacin tashi, in ta ga an taɓa sofwayarta sai ta ƙi tashi. Don haka duk manhajar da ka gani yau tana ce maka za ta yi wa sabuwar wayarka rutin da dannawa ɗaya, ka guje ta, in ka yi sa'a talla kawai za ta cika maka waya da ita, in ba ka yi sa'a ba kuma bayananka ta zo kwasa.

Hanyar da ta rage ita ce buɗe butloda, kuma a nan maganar take. Butloda ɗan ƙaramin shiri ne da ke fara tashi tun kafin Android, aikinsa ya duba cewa sofwayar da za ta tashi tana ɗauke da sa hannun kamfani. In yana kulle babu abin da zai wuce sai na kamfani. In ka buɗe shi komai zai wuce. Ana shiga setin a danna lambar Build sau bakwai, a kunna OEM unlocking, a jona da kwamfuta a ba da umarni, kuma a daidai wannan lokacin wayar za ta goge duk abin da ke cikinta, hotuna, lambobi, hirarrakin WhatsApp da ba a adana ba, komai. Da gangan aka yi haka don kada ɓarawo ya buɗe ya kwashi bayanan mutum. Bayan nan ne ake amfani da Magisk, manhajar da wani matashi John Wu ya fitar a 2016, a yi wa fayil ɗin da ke tayar da Android kwaskwarima a mayar da shi. To abin da yawancin mutane ba su gane ba shi ne, matsalar waranti da ta banki tun daga buɗe butloda suke farawa, ko da ba ka kai ga sa Magisk ɗin ba.

Waranti dai alƙawari ne cewa in wani abu ya lalace a wayar saboda kuskuren ƙira, ba don ka yar da ita ko ta faɗa ruwa ba, za a gyara maka kyauta cikin wani wa'adi. Kusan duk kamfanoni kuma sun rubuta a sharuɗɗansu cewa lalacewar da ta biyo bayan taɓa sofwaya ba da izininsu ba, babu ruwansu. Inda suka bambanta shi ne yadda suke gane an taɓa, da kuma yadda suke ɗaukar abin da zafi.

Samsung ce ta fi kowa tsanani. A cikin wayoyinta akwai wani ɗan fiyus na lantarki a ƙarƙashin tsarinta na Knox, ranar da wayar ta tashi da sofwayar da ba ta kamfani ba fiyus ɗin zai ƙone, lambarsa ta tashi daga 0x0 ta koma 0x1, kuma wannan ƙonewa ce ta gaske a jikin fanel, ba rubutu ba ne a fayil da za a goge. Ka cire rut, ka yi filashin ka mayar da sofwayar asali, ka sake kulle butloda, lambar tana nan 0x1. Secure Folder, wato ma'ajiyar sirri ta wayar, ya tafi, Samsung Pass mai ajiye lambobin sirri da Samsung Wallet na biyan kuɗi sun tafi, kuma babu mai gyaran da zai dawo maka da su sai dai a canja fanel gaba ɗaya, wanda kuɗinsa sau da yawa ya kusa na wata wayar. Duk wanda ya ce maka zai "goge Knox" da kwamfuta, ko dai bai san abin ba ko kuma ɓoye alamar kawai zai yi.

Motorola ita kuma a fili take yi, sai ka je shafinta ka nemi lambar buɗewa, kuma kafin ta ba ka za ta sa ka amince cewa warantinka ya faɗi. Google ta bar ƙofar a buɗe a wayoyin Pixel, har fayilolin asali take ajiyewa a shafinta don wanda ya yi kwamacala ya iya mayar da wayarsa yadda take, OnePlus ma ta daɗe tana cewa buɗe butloda kaɗai ba ya kashe warantin kayan jikin waya. Sai dai iskar gaba ɗaya rufewa take kaɗawa. Huawei ta daina ba da lambar buɗewa tun 2018. Asus ta janye manhajarta ta buɗewa a 2023. Xiaomi da Redmi da Poco a da jiran awa 168 kawai ake yi, wato sati guda, amma da zuwan HyperOS sai da tsohon akawun da neman izini ta manhajarsu. Samsung kuwa a One UI 8 da ta fito a 2025 cire maɓallin OEM unlocking ɗin ta yi ɗungurum. Kuma wayoyin hannu da ake kawowa daga Amurka, irin Pixel ɗin kamfanin layi na Verizon da Samsung ɗin can, dama can ba sa buɗuwa, don haka kada wani ya karɓi kuɗinka a kansu.

Mu dawo kan abin da ke aljihun yawancinmu, Tecno da Infinix da itel, waɗanda duk na kamfanin Transsion ne, kuma Carlcare ke kula da warantinsu, wanda bisa al'ada wata 12 ne da ƙarin wata ɗaya. Su ma sharuɗɗansu sun cire matsalar da taɓa sofwaya ya jawo. Kuma ba sai an yi dogon bincike ba, wayar da ke da furosesa ta MediaTek in an buɗe butlodanta, duk lokacin da aka kunna sai ta rubuta Orange State a sikirin tana gargaɗin cewa an buɗe ta, ma'aikacin da ya karɓa zai gani tun kafin ya cike maka takarda.

A nan ina da ja da kamfanonin. Idan bakin caji ya mutu bayan wata uku, ko sifika ta fara ƙara, ko batir ya kumbura, me ya haɗa wannan da Magisk? Adalci shi ne a duba ko rutin ɗin ne ya jawo lalacewar, in ba shi ba ne a gyara. A Amurka akwai dokar Magnuson-Moss ta 1975 da ake kafa hujja da ita a kan haka, a Tarayyar Turai kuma mai sayarwa yana da alhakin kayan da ya sayar na aƙalla shekara biyu ko me kamfani ya rubuta a takardarsa. Mu ma muna da dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 da aka sa wa hannu a farkon 2019, wadda ta kafa hukumar FCCPC mai hedikwata a nan Abuja, kuma ta ba mai saye damar mayar da kaya cikin wata uku in ya zamana ba su da ingancin da ya kamata. Amma mu faɗa wa juna gaskiya, mutumin da ke tashi daga Masaka da asuba don ya kama aiki a cikin gari, wane lokaci gare shi na bin takardun ƙorafi a kan waya? Abin da zai faru shi ne za a ce masa waranti ya faɗi, ya karɓi wayarsa ya kai wa mai gyara ya biya.

Sannan akwai da yawa da ke fargabar rasa warantin da ba su da shi tun asali. Wayar hannu ba ta da shi. Sabuwar da aka shigo da ita daga wata kasuwar, Dubai ko Indiya ko Caina, sau da yawa ofishin kamfanin a nan ba zai karɓe ta ba. Abin da mai shago ya rubuta maka a rasit na 'yan kwanaki alƙawarinsa ne shi kaɗai, kuma shi ma da ya ga an taɓa sofwaya zai zare hannu. Ga irin waɗannan, asarar gaske ba a waranti take ba, a afdet take.

Afdet kala-kala ne, kuma rutin ba iri ɗaya yake taɓa su ba. Na manhajoji ta Play Store yana ci gaba da zuwa. Akwai kuma wanda Google ke turowa kai tsaye ga wasu sassan Android tun daga Android 10 a 2019, shi ma yawanci yana shiga. Waɗanda ke samun matsala su ne biyun da ke zuwa daga kamfanin wayar, wato babban afdet da ke ɗaga ka daga Android 14 zuwa 15 misali, da kuma ƙaramin nan na tsaro da mutane ke rainawa suna danna "anjima" har wata shida. Wannan ƙaramin shi ya fi muhimmanci. Asalinsa daga 2015 ne, lokacin da aka gano ɓarakar da aka sa wa suna Stagefright, wadda ta nuna ana iya shiga wayar mutum ta hanyar tura masa saƙon bidiyo kawai, daga nan Google ta fara fitar da gyaran tsaro duk wata. Kuma da zarar an fitar da gyara an bayyana ɓarakar kenan ga duniya, wayar da ba ta karɓa ba ta zama a buɗe ga duk wanda ya karanta.

Abin da ya sa afdet ke ƙin shiga bayan rutin shi ne, yawanci ba sabuwar sofwaya ce cikakkiya ake turo maka ba, bambancin da ke tsakanin tsohuwa da sabuwa kawai ake turowa don a rage cin data. Kafin ya shiga sai ya auna abin da ke wayar ya tabbatar daidai yake da wanda kamfani ya sa, harafi ɗaya ya bambanta zai tsaya. Ka ga kenan mutum zai ƙona data ya sauke, wayar ta yi kamar tana sakawa, sannan ta ce an samu matsala, gobe ta sake turo masa sanarwa. A wasu wayoyin ma sanarwar daina zuwa take yi, mutum ya zauna yana zaton wayarsa tana kan na ƙarshe alhali an wuce shi da shekara. In kuma afdet ɗin ya yi nasarar shiga, to ya shafe rut ɗin, sai an sake daga farko. Mafi muni shi ne ya shiga rabi ya ci karo da wani abin da aka ɗora ta Magisk, wayar ta tsaya a tambarin kamfani tana kashe kanta tana kunnawa.

Akwai hanyar da masana abin ke bi. Wayoyin da ke da ɗakin sofwaya biyu, ɗaya na aiki ɗaya na karɓar afdet, tsarin da ya fara da Android 7, ana mayar da fayil ɗin asali ta cikin Magisk, a karɓi afdet, kada a kashe wayar, a koma Magisk a saka shi a ɗaya ɗakin, sannan a kunna. A Samsung wannan ba ya yi, sai dai duk afdet ka sauke sofwayar gaba ɗaya, gigabait da yawa, ka gyara ta ka saka da manhajar Odin a kwamfuta. Yanzu ka tambayi kanka tsakani da Allah, za ka riƙa yin haka duk wata? Wanda ya biya aka yi masa rutin a shago bai ma san sunan fayil ɗin ba, balle ya ajiye na asali. Shi ya sa a aikace, ga mutum irin wannan, ranar rutin ita ce ranar afdet ɗinsa na ƙarshe.

Wajen ƙoƙarin komawa baya kuma nan ake kashe waya. Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya sake kulle butloda alhali sofwayar da aka taɓa tana ciki, butloda ya duba bai ga sa hannun kamfani ba ya ƙi tayar da ita, ga shi kuma an kulle ƙofar da za a bi a gyara. Dole sai an mayar da sofwayar asali cikakkiya tukuna, an kunna an ga ta tashi lafiya, sannan a kulle. Na biyu, wasu wayoyin ba sa yarda a mayar da su tsohuwar sofwaya, haka masu Redmi Note 5 da yawa suka kashe wayoyinsu a 2018, Google ma ta sa irin wannan shingen a Pixel 6 da zuwan Android 13 a 2022. Na uku kuma namu ne na gida, wayoyin MediaTek da ake yi wa filashin da SP Flash Tool. Akwai zaɓin da ke share komai kafin ya saka sabo, in aka danna shi har ɓangaren da ke ajiye lambar IMEI yake sharewa, wayar ta tashi ras amma layi ba ya kamawa. Ga kuma waya mai suna ɗaya amma samfuri biyu ko uku, a saka mata fayil ɗin 'yar'uwarta, sikirin ya yi fari ko taci ya daina aiki.

Duk da haka akwai inda buɗe butloda yake ƙara wa waya rai, kuma wannan ne ya sa ba na son a rufe ƙofar. Waya tana nan garau, batir lafiya, kyamara lafiya, amma kamfani ya daina turo mata komai. Masu sa kai na LineageOS, wani nau'in Android da ba na kamfanin waya ba, wanda ya gaji CyanogenMod a ƙarshen 2016, suna ci gaba da fitar wa irin waɗannan wayoyin sabuwar Android da gyaran tsaro shekaru bayan kamfani ya manta da su, kuma saka shi buɗaɗɗen butloda kawai yake buƙata, ba sai da rut ba. Sai dai jerin wayoyin da suke tallafawa ya fi karkata ga Pixel, OnePlus, Motorola, Xiaomi da wasu Samsung, akasari masu furosesa ta Qualcomm, ƙananan wayoyinmu masu MediaTek da Unisoc da wuya ka same su a ciki. Abin da ake samu a kansu sau da yawa sofwayar gama-gari ce da za ta tashi amma kyamara ta rage kyau ko wajen ɗora yatsa ya daina aiki, ko kuma wani fayil da ba a san wanda ya haɗa shi ba ana yawo da shi a Telegram, wanda ni dai ba zan sa lambar sirrin bankina a kansa ba.

Tushen matsalar ai gajeren tallafi ne. Google ta yi alƙawarin afdet na shekara bakwai daga Pixel 8 a 2023, Samsung ta biyo baya da Galaxy S24 a 2024, Tarayyar Turai kuma tun Yunin 2025 ta wajabta aƙalla shekara biyar bayan an daina sayar da samfurin. Mu kuma a nan ƙananan wayoyi da yawa babban afdet ɗaya suke gani, wasu ko ɗaya, kuma talaka ne ya fi daɗewa da waya a hannu. Ya kamata tambayar "shekara nawa za ta riƙa samun afdet?" ta shiga cikin cinikinmu kamar yadda muke tambayar ram da batir.

Sai maganar banki, wadda a Abujar yau ta fi waranti zafi. Duk wanda ya ga ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya san waya ita ce aljihu, da ita ake biyan mai shayi da ɗan acaɓa da kuɗin makaranta. Manhajojin kuɗi da yawa kafin su buɗe sai sun tambayi Google ko wayar nan tana yadda kamfani ya fitar da ita. A da wani tsarin Google mai suna SafetyNet ke ba da amsar, an rufe shi a farkon 2025, Play Integrity ya maye gurbinsa, kuma a wayoyi masu Android 13 zuwa sama shaidar daga wani killataccen ɓangare na furosesa take fitowa, inda rut ba ya kaiwa. Shi kansa John Wu ya koma aiki da Google a 2021, a 2022 kuma aka cire ɓangaren Magisk da ke ɓoye rut. Har yanzu akwai dabarun ɓoyewa, amma yau su yi aiki gobe Google ta toshe, kuma ba ta sanar da kai ranar. Mai sana'ar POS ko mai sayar da kaya ta WhatsApp da ke jiran alat, wannan caca ce da abincinsa. Ƙari a kan haka Google Wallet ba ya yi, saƙon RCS, wato sabon salon SMS mai bi ta intanet, Google ta tabbatar a 2024 tana toshe shi a irin waɗannan wayoyin, Netflix tun 2017 ta fara ɓoye manhajarta gare su a Play Store, a wasu wayoyin kuma bidiyonta sauka yake yi zuwa hoto mara kyau.

Kada kuma a manta garin da muke, inda 'yan wan-cans da masu fizge ke nan. Waya mai kullallen butloda aiki ce babba ga ɓarawo. Mai buɗaɗɗe kuwa, ɓarawon zai iya ɗora mata duk sofwayar da ya so, ya share ta ya sayar cikin sauƙi.

Data kyauta kuma babu ita. Lissafin datarka a kwamfutocin MTN ko Airtel ko Glo yake, ba a wayarka ba, ikon da ka samu a kan wayarka bai kai can ba. Haka kuɗin gem ɗin da ake bugawa ta intanet, a wajen kamfanin gem ɗin yake, abin da za ka samu in ka yi ƙoƙarin maguɗi shi ne a rufe maka akawun.

Sauran buƙatun na gaskiya ne, amma yawancinsu yanzu ba sa buƙatar rut. Manhajojin da aka cusa, da yawa ana iya kashe su daga setin, waɗanda suka ƙi kuma ana cire su da kwamfuta ta hanyar ADB, manhajar da ake ba wa waya umarni da ita daga kwamfuta, ba tare da an taɓa butloda ba, afdet yana ci gaba da zuwa, in ma ka cire wadda bai kamata ba riset zai dawo da ita. Talla kuma tun Android 9 a 2018 akwai Private DNS a setin, ka rubuta adireshin masu tace talla irin AdGuard, kaso mai yawa zai ɓace. Ɗaukar bidiyon sikirin ya shigo cikin Android kanta tun ta 11. Don haka shawarata, wayar da kake cin abinci da ita, wadda layinka na BVN ke ciki, ka bar ta a kulle. Mai sha'awar koyo, kuma ina so matasanmu su koya don ilimi ne mai amfani, ya nemi tsohuwar waya wadda afdet ɗinta ya ƙare kuma babu banki a kai, ya sauke sofwayarta ta asali ya ajiye kafin ya taɓa komai, sannan ya yi ta gwaji son ransa.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne wanda bai taɓa jin kalmar rutin ba amma ya sayi wayar hannu da wani ya riga ya buɗe. Kafin ka biya, ka kashe ta ka kunna a gaban mai shagon kana kallon sikirin, duk wani rubutun gargaɗi ko alamar kwaɗo a buɗe da ya fito lokacin da wayar ke tashi, butloda a buɗe yake. Ka shiga setin ɗin Play Store wajen bayanin manhajar ka ga ko ta ce wayar tana da shaidar Play Protect. Ka danna *#06# ka gwada lambar IMEI da ta kwali in akwai kwalin. Ka duba kwanan watan gyaran tsaro na ƙarshe, ka danna neman afdet ka ga me za ta ce. In da hali ka sauke manhajar bankinka a nan take ka ga ko za ta buɗe, ba sai ka shiga akawun ba. In Samsung ce ka gwada buɗe Secure Folder, ko ka ce a shigar da ita wajen filashin ka karanta lambar Knox da idonka. In 0x1 ka gani, wayar za ta iya yi maka kira da WhatsApp lafiya lau, amma ba kuɗin mai 0x0 za ka biya ba, sai a sake ciniki daga nan.